Layin da Ba a Goge Ba

A bakin firinta suka fara haɗuwa. Ita ce ke rubuta wasiƙar labaran da kamfani ke aika wa masu amfani da yarensa na kwamfuta duk bayan wata uku. Shi kuwa sabon injiniya ne, ya zo da takarda a hannu yana ta sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, wai ke ake kawo wa labari?"

"In mai daɗi ne," ta ce.

Ai kuwa tun daga ranar kullum sai ya ƙirƙiro labari, ko da na karyayyar kujera ne. Ya raɗa mata suna Edita, ita kuma tana ce masa Mai Gyara. Kafin shekara ta zagayo, kowa a ofis ya san inda suka dosa.

Sai dai akwai Baba. Mahaifinta na cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro yaren nan, a wani ɗaki mai fanka ɗaya, tun tana cikin mahaifiyarta. Ciwon suga ya tafi da idonsa, ya ajiye aiki, amma duk wasiƙar da ta fito sai ta zauna gefen gadonsa ta karanta masa kaf.

Wasiƙar bazarar bana ce ta zo da tashin hankali. Za a jingine tsohuwar manhajar da Baba ya rubuta, a sa sabuwa, kuma Mai Gyara ne ya rubuta sabuwar. Da hannunta ta buga sanarwar, hawaye na ɗiga kan teburi. Da ta zo wurin a karatu, sai ta tsallake.

"Auta, kin yi tsalle," in ji Baba. "Numfashinki ya canza. Koma baya."

Ta koma ta karanta. Ya juya fuska bango.

"Yaron nan mai zuwa gaishe ni da lemo? Ya binne ni da raina, sannan in ba shi 'yata? Kar ya ƙara taka mini gida."

Ta tura wa Mai Gyara saƙo: "Ka san aikin nan ne kaɗai ya rage masa, ka share. Ka yi haƙuri, ba zan iya zaɓarka a kansa ba."

Ya amsa: "Editata, ban ce ki zaɓa ba. Ki dai buɗe layi na 412 a sabuwar manhajar."

Ba ta buɗe ba. Sati uku suna haɗuwa a bakin firinta kamar ba su taɓa sanin juna ba, duk ta rame ta lalace. A cikin haka jikin Baba ya tsananta, aka ba shi gado a asibiti. Wata azahar tana zaune a barandar ɗakin, kewa ta ci ƙarfinta, ta buɗe.

Masu wannan aiki suna da wata ɗabi'a: sukan bar ɗan rubutu a gefen layi, wanda kwamfuta ba ta karantawa, sai mutumin da zai zo gyara daga baya. A gefen layin ta ga rubutun Baba:

"Yau aka haifa mini 'ya mace. Ban gwada wannan layin ba, sauri nake in je in gan ta. Wanda ya zo bayana ya duba."

A ƙasansa kuma akwai sabo:

"Na duba, Baba. Shekara ashirin da shida bai taɓa kuskure ba. Na sake komai, shi ne na kasa taɓawa."

Ta shiga ta karanta wa Baba. Hawaye ya gangaro daga idanun da suka daina gani.

"Kira mini shi."

Da ya zo ya durƙusa, Baba ya laluba ya kamo hannunsa.

"Kai yaro, layin nan yana da kuskure. Tun satin na sani. In aka ba shi sifili tsayawa yake cak."

"Na gani, Baba. Layi biyu na ƙara, na tare shi ta gaba da baya."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Maƙaryaci mai ladabi! To ga ta nan. Ita ma ban gama duba ta ba, lokaci ya ƙure mini."

"Haba Baba," ta ce, kuka ya ƙwace mata.

Bai ga ranar ɗaurin aurensu ba. Saura kwana tara ya rasu, ya bar wasiyyar kar a ɗaga ko da yini ɗaya ne. Ƙaninsa ne ya ba da aurenta. Aka yi ta sa albarka ana share hawaye, amarya kuwa ko ɗaga kai ta kasa.

Da aka watse, angon ya miƙo mata kwamfutarsa a buɗe. Ta daɗe tana kallon rubutun mutum biyun nan, sannan ta ƙara na uku a ƙasa:

"Yau aka ɗaura auren 'yar. Allah ya jiƙan wanda ya rubuta, ya yi albarka ga wanda ya duba."