Akori-kurar Barau da Iccen Tsamiya

Ku matso kusa, ku rage murya. Kai ma kashe wayar nan.

Barau mai kai wa gidajen burodi itace ne. Gonar gadonsa ya sayar don ya sayi akori-kura. Dillalin ya nuna masa biyu, ya ce, "Ɗauki mai babban inji, mai fulogi shida. Itace nauyi gare shi, hanyar dajin kuma hawa ce."

"Shida? Ta shanye ni da mai? Ba ni mai huɗu."

Haka Barau yake, kunnen ƙashi gare shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Laraba ya shiga daji, ya tarar masu sara sun kayar da tsohuwar tsamiya. A al'adarsu, in an sare tsamiya sai ta kwana bakwai a ƙasa, don mazauna cikinta su kwashe nasu su tashi. Suka ce ya jira.

"Mai na ƙona na zo nan, ku ce in koma wayam?"

Ba wanda ya kama masa. Shi kaɗai ya loda gungume shida, ko rabin mota bai kai ba.

Rana tsaka ya iso hawan dutse. Motar ta fara nishi. Ya sa giya ɗaya, ya take totur. Bayanta ya zauna kamar an ɗora mata buhu ɗari. Ta tsaya cak.

Barau ya diro yana huci, ya kai wa taya shuri. "Gwangwanin banza! Allah ya isa tsakanina da dillalin nan!"

"Bar zagin bawan Allah."

Wani dattijo ne tsaye a gabansa. Amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Barau ya dubi ƙasa. Ga inuwar mota, ga tasa. Dattijon ba shi da ita.

"Mu arba'in ne a bayan nan," in ji dattijon. "Har da mai jego, jiya ta haihu. Ka ɗauko mana gida ko sallama babu. Mayar da mu."

Duk da haka bakin nan na Barau bai mutu ba. "To, Baba, wa zai biya ni man?"

Dajin ya yi tsit. Daga cikin wani gungume jariri ya tsala kuka.

"Ba za ka ƙara sayen mai ba," dattijon ya ce a hankali. "Shiga."

Barau ya shiga, ya juya motar, ya mayar da iccen, ya sauke da hannunsa yana salati. Ya kamo hanyar gida. Motar na gudu ba ƙara, ba hayaƙi, sai sawun ƙafafu da yawa a bayanta. Bai yarda ya dubi madubi ba.

A ƙofar garejin Ilu makanike ta tsaya. Ilu ya buɗe gaba, ya taɓa injin, ya janye hannu da sauri. Sanyi ƙalau, kamar randa.

"Barau, injin nan ya buga tun ɗazu, ya narke ta ciki. Wa ya turo ka?"

Barau ya zauna a ƙasa. Ba gona, ba mota.

An sa mata sabon inji, mai shidan ma, ta ƙi tashi. Tana can bayan garejin, tsamiya ta tsiro ta tsakiyarta.

Don haka in kun ga sabon sare a daji, ku yi sallama ku wuce. Kada wanda ya bi hawan nan shi kaɗai da rana tsaka.