Surukin Da Ya Daɗe A Durƙushe

"Ni fa, Baba, zakaran unguwarmu ma ni nake tashinsa! Tun da nake, rana ba ta taɓa riga ni buɗe ido ba."

Tela ne yake wannan cika baki a tsakar gidan mai gidan burodi, ranar da ya zo neman auren Auta, 'yar mai gidan. Ita kuwa tana bayan labule ta dafe kai, don ta san masu kawo ɗinki sai sun yi ta dukan ƙofar shagonsa rana tsaka kafin ya fito yana hamma.

Baba ya yi murmushi. "Madalla. Mu a gidan nan ba ma cin burodin jiya, ba ma kuma dogara da addu'ar jiya. Kullum da asuba, kafin gashin farko ya huce, mukan zauna mu ji Maganar Allah. Ka riƙa zuwa, sai mu san juna."

Gwaggo, yayar Baba, ta ja tsaki. "Wannan ɗan barkwancin? Wanda ya ɗinke wa mai kaɗa gangar coci aljihun wando don a yi dariya? Auta, dariya za ki dafa ku ci?"

Auta ta bi Tela har ƙofa, idonta ya cika da hawaye. "Me ya kai ka faɗin haka? Ga shi Gwaggo ta ce rana ɗaya ka yi fashi, magana ta mutu."

"Haba tawan, share hawayenki. Ko a kan gadona ne, sai an ɗauko ni an kawo."

Ai kuwa ya riƙa zuwa. Wata rana riga a bai-bai, wata rana takalmi wari da wari, amma bai taɓa fashi ba. Ya taya kwaɓa fulawa, ya shafe gwangwanaye da mai, ya ɗauki tire mai zafi har ya ƙone yatsa. Sai dai da an zauna sujada, Tela zai nemi jikin bangon tanderu mai ɗumi, ya durƙusa, ya kifa goshi a benci. A yi waƙa, a yi karatu, a ce amin, shi yana nan bai motsa ba, sai Auta ta wuce ta taka masa ƙafa.

"Kai, yaron nan akwai naciya a addu'a," in ji Mama, tana yanka masa gefen burodi mai ɓawo, wanda ya fi so.

Gwaggo dai ba ta yarda ba. Wata safiya ta ɗauki kujerarta ta koma kusa da shi. Baba yana cikin bayanin ayar ranar, sai ga wani ɗan gurnani yana fitowa daga ƙarƙashin benci.

"Kun ji ko!" Gwaggo ta miƙe. "Munshari yake yi! Wannan za ku ba 'yata?"

Auta ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. "Baba, don Allah..."

"Zauna, Yaya," in ji Baba a hankali. "Tun ranar farko na sani. Mutumin da barci ya fi ƙarfinsa haka, amma kullum ya bar shimfiɗarsa ya ratso sanyi saboda yarinyar nan, ba zai bar ta da yunwa ba. Saura ya koyi cewa rai ma yana da nasa cikin, kuma ba mai ci wa wani. Yadda burodi ba ya ƙosar da wanda ya tsaya shaƙar ƙamshi, haka Maganar Yesu, sai ka buɗe kunne ka ci rabonka na yau. Wannan kuwa zama da mu zai koya masa. Auta, kin yi haƙuri, taka ƙafar bawan Allah kuma ya isa haka. Na ba shi ke."

Ma'aikatan gidan burodin suka kaure da tafi. Mama ta rungume Auta, kukan ya koma dariya. Hayaniyar ce ta firgita Tela, ya zabura ya ɗaga hannu sama, goshinsa fari fat da fulawa.

"Amin! Amin, ya Ubangiji!"

"Sannu da addu'a, ɗana," in ji Baba. "Me ka yi wa amin?"

Tela ya dubi Auta, ta kau da kai tana danne dariya. Ya dubi Mama, ya ga hawaye a kumatunta. Sai ya gyara murya, ya marairaice fuska.

"Allah dai Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Baba."

Har Gwaggo sai da ta riƙe ciki. "Rashin naka ne, shashasha! An ba ka mata kana munshari. Gobe a kusa da ni za ka zauna, kuma kai za ka yi karatu, a tsaye!"