Kyauta da Tokar Rumbu

Rana ta take tsaka, ƙasa ta ɗau zafi kamar an barbaɗa garwashi, Kyauta na tsaye a bakin rijiyar Badafi da tulunta, tana jiran wadda za ta ara mata guga. Mata huɗu ne a wurin, kowace da nata, amma babu wadda ta ko ɗaga ido ta amsa sallamarta. Da ta gaji da tsayuwa ta miƙa hannu ga igiyar da ke kusa da ita, sai mai igiyar ta fizge abinta, ta ce da ta gefenta, "Hannun da ya saba dama giya ne zai taɓa mini guga? Ai tuba a baki take, tsafi kuwa a jini yake." Suka kwashe da dariya. Kyauta ta sunkuya ta ɗauki tulunta wayam, ta juya, hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a kan zane... Wayyo, baiwar Allah! Sama da shekara guda ke nan tana shan irin wannan, ba ta taɓa mayar wa kowa ba.

Ita Kyauta Bamagujiya ce, haifaffiyar wata ruga ta Maguzawa da ke yamma da Badafi a ƙasar Ƙiru, a zamanin da ƙasa ke hannun Turawa, gyaɗa ke tashe. Uwa da uba duk sun rasu tun tana budurwa, suka bar ta ita da yayanta Ɗanasabe a hannun ƙanin ubansu, Gwadabe, wanda shi ne shugaban gandu, shi ne kuma mai yanka a gindin tsamiyar tsafin gidan. Ta yi aure ta haifi 'ya ɗaya, maciji ya sari mijin a gona ya mutu, ta dawo gida da goyo. Ba a rufa shekara biyu ba ƙyanda ta kama yarinyar. Aka yanka jan zakara, aka yanka baƙin akuya, Kyauta ta durƙusa a gindin tsamiya ta yi roƙo har muryarta ta dishe, amma ran kwana na shida yarinyar ta cika a kan cinyarta. Tun daga ranar wani abu ya mutu a zuciyarta game da tsamiyar nan. Ba ta zage ta ba, ba ta zagi masu yi mata yanka ba, sai dai in ta dube ta itace kawai take gani.

Da kaka ta yi aka ce ta kawo tsaba a dafa giyar godiya ga iskoki, sai ta durƙusa gaban Gwadabe ta ce, "Baffa, ka yi mini afuwa. Ubana ya hore ni kada in faɗi abin da ba shi ne a zuciyata ba. In na durƙusa a can, ƙarya zan yi." Gwadabe ya miƙe, ya watso mata ƙunshin kayanta waje, ya ce duk masifar da ta faɗa wa gidan nan daga yau ita ce sila. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Ɗanasabe na zaune yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago kai ba har ta fice.

Gwaggo Kulsum ce ta karɓe ta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a Badafi wadda suka saba a kasuwa. Bayan wata biyu Kyauta ta nemi a kai ta wurin liman, ta karɓi kalmar shahada, aka raɗa mata Halima, sunan da Gwaggo kaɗai ke kiran ta da shi. Ta yi zaton daga nan hankalinta zai kwanta. Ina! Sai ma abin ya ƙaru. Macen da ta tashi da fartanya a kafaɗa, yau an ce ta zauna a tsakar gida da mazari da auduga tana kaɗi. Zaren ya riƙa tsinkewa a hannunta. Ta share tsakar gida sau uku kafin azahar, ta wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa zaure, ta dawo. Tana tsaka da Fatiha sai ta rikice, ta koma farko, gabanta na faɗuwa ko sallar ba ta karɓu ba. In an ba ta mamaki sai bakinta ya suɓuce ta rantse da aradu irin na gida, mata su ƙyafta wa juna ido. In iska ta kaɗa ganyen tsamiyar bayan masallaci sai tsigar jikinta ta tashi, ta ji kamar ana kiran sunanta. Ba ta yarda da iskokin ba, amma tsoronsu bai sake ta ba. Ta yarda da Allah, amma tana jin kunyar tsayawa gabansa da harshe mai tuntuɓe. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Mutanen gari suka ce iskokin gidansu ne suka biyo ta.

Ranar rijiyar nan da ta dawo da tulu wayam, ta faɗa jikin Gwaggo tana shessheƙa. "Gwaggo, ki gaya mini gaskiya, haukacewa nake yi? Can sun ce na ci amana, nan sun ce ban tuba ba. Ni ta ina ce?"

Tsohuwar ta share mata hawaye da gefen mayafi ta ce, "Ba hauka ba ne, 'yata, kewa ce. Ko dashen barkono aka cire daga inda ya tsiro, sai ya yi yaushi kafin ya kama ƙasa. Kin bar gida, kin bar kabarin 'yarki, kin bar duk abin da kika sani, kuma ki ce zuciya ba za ta yi kuka ba? Allah ba ya ƙirga tuntuɓen harshe, Halima, niyya yake dubawa."

Maganar kabarin ta tsaya mata a rai. Da ruwan shuka ya sauka, ranar da yarinyar ta cika shekara biyu da rasuwa, Kyauta ta kasa zama. Da hantsi ta bi ta cikin gonaki har bayan gidansu, lokacin kowa na gona, ta zauna a gefen ɗan tudun ƙasar ta cire ciyawar da ta tsiro a kai, ta yi kukanta ta ƙoshi. Da za ta tashi ta hangi Gwadabe tsaye a jikin danga yana kallon ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, bai amsa ba, sai wani murmushi da ya yi wanda ba ta gane ma'anarsa ba.

Ba ta daɗe da komawa Badafi ba hayaƙi ya turnuƙe yamma. Babban rumbun gandu, wanda ke ɗauke da abincin mutum ashirin da uku har zuwa kaka, ya ƙone ƙurmus. Kafin la'asar Gwadabe ya iso ƙofar dagaci yana birgima a ƙasa, yana cewa da idonsa ya ga Kyauta a bayan gida da garwashi a kasko. Aka aiko aka tafi da ita, yara na bin ta da ihu, matan rijiya na leƙe ta kan katanga suna cewa dama sun faɗa.

Dagaci ya tambaye ta, "Kin je rugar yau?"

Gwaggo da ke bayanta ta taɓa ta da ƙafa, don babu wanda ya gan ta sai mai ƙarar, in ta musa magana ta zama tasa da tata. Kyauta ta ce, "Ranka ya daɗe, na je. Kabarin 'yata na ziyarta. Amma ban riƙe wuta ba, ban ko kusanci rumbu ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Dagaci ya ce a tsare ta a ɗakin bayan gidansa, ran Litinin 'yan doka su wuce da ita wurin alƙali a Ƙiru.

Kwana uku ta yi a ɗakin nan, ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga ƙofa zuwa bango taku biyar ne, ta auna shi har ƙafafunta suka kumbura. Ba ɗaurin da ke jiran ta ne ya fi damun ta ba, wani tunani ne da ya riƙa cin ta kamar gara: shin ko maganar Baffa gaskiya ce? Ko zuwan da ta yi ne ya fusata abin da ta ce ba ta yarda da shi ba, ya huce a kan abincin yaran gidan? Ta tuna 'ya'yan Ɗanasabe uku, da damina a gaba, da rumbu babu... Sai ta dafe kai ta durƙushe. "Ya Allah, ban iya roƙonka da Larabci ba, da Hausa zan roƙe ka. Kai ka san hannuna. In ni ce sila, ka ɗauki raina ka bar yaran nan su ci. In ba ni ba ce, ka fitar da ni, don na gaji... na gaji." Gwaggo kuwa kullum tana bakin ƙofar da ƙwaryar fura, tana kuka tana lallashin ta ta kurɓa ko sau ɗaya.

Ran Litinin da safe hadari ya haɗo daga gabas. 'Yan doka biyu sun iso, an fito da Kyauta, Gwadabe na zaune a gefe da mutanensa, zaure ya cika har waje. Ana shirin ɗaura mata igiya sai wani dogon mutum ya kutso cikin taron, ƙafafunsa da hannuwansa baƙi ƙirin, ɗauke da masaki a ka. Ɗanasabe ne. Ya sauke masakin gaban dagaci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a tafi da ita, a sa hannu a cikin wannan."

Dagaci ya tura hannu ya damƙo. Toka ce lallausa, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Kwana biyu nake tankaɗe tokar rumbun nan da rariya, ko zan sami abin da yara za su tauna," in ji Ɗanasabe. "Duk manomin da ke zauren nan ya sani, rumbu mai dami ɗari in ya ci wuta, kwana uku yana hayaƙi, kuma sai an kwashe ƙonanniyar tsaba kwando-kwando. Wannan kafin a kawo ruwa ya mutu. Ban sami tsabar da za ta cika tafin hannu ba. Rumbun nan wayam yake aka cinna masa wuta, ranka ya daɗe. Kuma mutum ɗaya ne ke hawa shi tun kaka, shi ne ya ce ranar Juma'ar nan za a buɗe a fara ɗiba."

Idanu suka koma kan Gwadabe. Ya hau rantse-rantse yana cewa ɗan'uwa ne ke kare 'yar'uwarsa. Ɗanasabe ya zaro ɗan baƙin dutse daga aljihu, gatarin aradun da gidansu ke rantsuwa da shi tun kakanni, ya ajiye a ƙasa. "Baffa, ni ban bar hanyar iyayenmu ba, kai ma ba ka bari ba. Ga hadari nan a sama. Ka dafa ka ce ka gan ta da wuta."

Dagaci ya ce, "Kowa da abin da yake tsoro. Dafa."

Gwadabe ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake miƙawa, aka yi wata ƙara can nesa a sama, sai ya zube yana kuka kamar yaro. Ya faɗi komai: tun kaka yake zarar dawa dami-dami yana kai wa matan da ke dafa giya a wata kasuwa mai nisa, yana sha yana caca, har rumbu ya ƙare. Yana cikin neman mafita sai ga Kyauta a bakin kabari, shi ne ya cinna wa rumbun wuta ya ɗora mata. Igiyar da aka kawo dominta ita aka ɗaura masa, 'yan doka suka tasa shi gaba. Alƙali ya ɗaure shi shekara biyu, dangi suka tuɓe shi daga shugabancin gandu, ko da ya fito bai ƙara zama a gaban mutane ba.

Dagaci ya dubi taron ya ce, "Yarinyar nan da ta ce ba ta je ba, da babu mai ƙaryata ta sai wancan. Ta zaɓi gaskiya alhali gaskiyar za ta ɗaure ta. Wanda ya ƙara kiran ta da wani suna ban da nata, da ni yake." A nan take ya sa masu hali na Badafi su tara wa rugar dawar da za ta kai su kaka, ya kuma ce a yanka wa Kyauta rabonta na gonar ubanta.

Da mutane suka watse, Ɗanasabe ya tsaya gabanta ya kasa haɗa ido da ita. "Ranar da aka kore ki ina zaune, ban ce uffan ba. Sama da shekara guda abin na ci na. Ki yafe mini, Kyauta... ko Halima zan ce?"

"Duk wanda ka kira zan amsa, Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Ka ce ba ni na jawo muku ba?"

"Ba ke ba ce. Tun farko ma ba ke ba ce. Ki riƙe hanyarki, in riƙe tawa, nono ɗaya muka sha. Yara na tambayarki, kabarin kuma duk ran da kika so ki zo, ta ƙofar gida za ki shigo."

Ruwa ya kece. Suka fake a zauren Gwaggo su uku, tsohuwar ta dama fura, Kyauta ta sha har ta ga gindin ƙwarya. Ɗanasabe na cikin ba ta labarin yadda ƙaramar 'yarsa ta fara tafiya, sai ya ji shiru. Ya waiwaya, ya ga ta jingina kai da kafaɗar Gwaggo, bakinta a ɗan buɗe, tana barci da tsakar rana kamar jaririya. Ya yunƙura zai tashe ta su yi sallama, Gwaggo ta ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta, ɗan nan," ta ce a hankali. "Mai haƙuri ne ya dafa dutse, bar ta ta sha romonta."