Duman Tasalla

Can wani zamani, a wani gari, Tasalla ta fasa masakin kakarta, sai ta shuka duma don ta rama mata. Ga ta da gajen haƙuri!

Kullum sai ta zo da wuƙa. "Iya, in yanke?"

"Yaɗon ya bushe, uwar gaggawa?"

"Tukuna."

"To, ajiye wuƙar."

Ƙawayenta suka yanke nasu ɗanye, duk suka ruɓe. Tasalla ta daure ta ajiye wuƙa, gobe ma ta ajiye.

Ran da yaɗo ya bushe, ƙarti huɗu suka ɗaga duman. Da aka fafe shi, Iya ta leƙa ta ce, "Ja'ira, fura zan dama ciki, ko wanka zan yi?"

Tun ran nan, in abu ya cika girma a garin, sai ka ji, "Kai, duman Tasalla!"