Zagaye Uku Kafin Tuta

Ranar Alhamis, saura kwana uku a yi babban tseren motoci na Interlagos a birnin São Paulo na Brazil, Nayara Fontoura ta fara ganinsa, kuma a ɗaure ta gan shi.

Duk shekara ma'aikatan ceto kan gwada yadda za su zaro direba tare da kujerarsa idan an yi hatsari. A wannan karon ƙungiyar Halvard ta ba da direbanta na biyu, Murilo Assunção, a yi gwajin da shi. Nayara nas ce a sashen gaggawa, aikinta a ranar shi ne ta tsaya ta bayansa ta riƙe kansa da hannu biyu.

"Kada ka motsa," ta ce.

"Ina zan je? Bel shida ne a jikina."

"Har bakinka ba a so ya motsa."

Ya ɗago ido ya kalle ta daga ƙasa. "Haka kike yi wa duk marasa lafiyarki?"

"Su a sume suke zuwa. Sun fi ka sauƙin sha'ani."

Da aka kwance shi bai tafi ba. Ya tsaya yana murza wuya, yana tambayarta inda ake samun pastel mai kyau a kusa, irin samosar nan ta ƙasar, wai rabonsa da shi shekara tara. Ta ce a unguwarmu ta Cidade Dutra akwai kasuwar Talata, amma ba ta ga alamar irinsu a can ba.

Ranar Talata sai ga shi da hula har kan ido. Ya sayi pastel biyu da ruwan rake, ya ci rabin ɗaya ya ajiye. Ya ce ana auna shi kowace safiya, har abincinsa ma sai an ɗora a sikeli. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu Halvard ta ɗauke shi daga jihar Goiás ta Brazil zuwa Ingila, ita ta karantar da shi, ita ke zaɓar masa gida da tufafi da abin da zai faɗa wa 'yan jarida. Aikinsa shi ne ya kare bayan babban direbansu, Joris, ɗan ƙasar Beljiyam.

Nayara ta cinye sauran pastel ɗin. Ta ba shi lambarta, ta kuma raɗa masa suna Na-biyu.

Daga nan saƙonni suka fara zuwa, daga ƙasashen da wasunsu sai ta duba taswira.

"Nay tawa, ina hawa na talatin a otal, tagar ba ta buɗuwa. Gaya mini abin da kike gani ta taki."

"Wankin maƙwabciya da karen maƙwabcinmu Seu Tonho. Ka ci abinci, Na-biyu?"

"An ba ni kifi da ganye. Kewarki ce kaɗai ba su san yadda za su auna ba."

"Daɗin baki. Ka kula da kanka a kwana ta farko, zuciyata ba ta da birki."

Ita ma ba sakakkiya ba ce. Tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ta rage wa mahaifinta, Seu Genival, mai fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Daga asibiti sai gida, daga gida sai asibiti. Ko hutun kwana uku ba ta taɓa yi a bakin teku ba tare da ta kira shi sau biyar ba.

A hutun watan Agusta Murilo ya zo gaisuwa ranar Lahadi. Seu Genival ya karɓe shi da mutunci, aka ci shinkafa da wake da gasasshiyar kaza. Tsohon ya yi shekara ashirin da shida yana kaɗa tuta a gefen titin tseren nan, don haka babu abin da za a gaya masa. Sai da aka kawo kofi ya yi magana.

"Yaro, ba ni da wani ƙorafi a kan halinka. Amma na ga irinku da yawa. Na ga wanda aka ɗauka a makara, na ga wanda aka yar bayan an gama da shi. Ka gaya mini, idan 'yata ta kwanta ciwo ranar Asabar kana Japan, za ka iya tahowa?"

Murilo ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai iya ba.

"To ka gani. Mutumin da sai an gaya masa a kunne lokacin da zai taka mota da lokacin da zai saki, bai mallaki kansa ba. Me zai ba 'yata?"

Nayara ta yi kuka a kicin, ta buɗe famfo don kada a ji. Ta san mahaifinta yana da wanda yake so, Dakta Otávio na asibitinsu, mutum mai kirki wanda kan biyo ya auna jinin tsohon ba a roƙe shi ba, kuma kullum a São Paulo yake kwana. Ba ta da abin da za ta zarge shi da shi, sai dai idan ya yi magana ba ta jin komai.

A watan Satumba hoton ya fito. Murilo ne a wata liyafa a Italiya, 'yar mai kamfanin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ta saƙala hannu a nasa, jaridu suna cewa an kusa baiko. Abokan aikinta suka riƙa yin shiru idan ta shigo. Ta jira ya fito ya ƙaryata. Bai fito ba.

Kwana goma sha tara ba ta amsa masa ba. A na ashirin ya turo mata hoton shafi ɗaya na kwantiraginsa.

"Masoyiyata, karanta layin da na ja wa jan biro. Ba ni da ikon cewa komai a kan rayuwata a bainar jama'a sai ofis ya yarda. Su suka tsayar da ni kusa da ita, su suka ce in yi shiru. Ko sunanta na biyu ban sani ba. Ke nake so, ke kaɗai."

Ta karanta shafin sau uku a ɗakin canza kaya, sannan ta rubuta:

"Na yarda da kai, Murilo. Amma ka ga Baba bai yi ƙarya ba."

A makon ne kuma ta gaya wa Dakta Otávio gaskiya, cewa kada ya jira ta. Ya karɓa da dattako. Sai ta zauna a tsakiya, ba ta da wanda mahaifinta yake so, ba ta da wanda take so.

Da Nuwamba ta zagayo, tseren Interlagos ne na ƙarshe a shekarar, kuma a nan za a san zakaran duniya. Wani direba ɗan Ostireliya yana gaban Joris da maki takwas. Lissafin kowa ya san shi, har masu tallan masara a bakin ƙofa: idan ɗan Ostireliyan ya zo na uku, sai Joris ya zo na ɗaya zai ɗauki kambun.

Da safen Lahadi saƙonsa ya shigo. "Sun ajiye mini sabon kwantiragi na shekara uku a kan tebur. Ban taɓa shi ba. Yi mini addu'a, Nay."

"Ina yi tun jiya. Ka dawo da ƙafafunka, shi ke nan abin da nake nema."

An fara tsere ana yayyafi, can ruwa ya kece. Motoci suka riƙa sulalewa, aka yi ta canza taya. Murilo ya shiga canji a daidai lokacin da ya dace, da ya fito sai ga shi a gaba. Joris na biyu, ɗan Ostireliya na uku. Nayara tana cibiyar lafiya ta filin, safar hannu a hannunta, ba ta da izinin barin wurin ko taku ɗaya. Ta talabijin ɗin bango take kallo, amma ihun mutane ta cikin bango yake shigowa. Shekaru da yawa rabon da ɗan ƙasa ya ci tsere a gida. Filin gaba ɗaya sunansa yake kira.

Saura zagaye uku aka sako muryar shugaban ƙungiyar a rediyo, duniya tana ji.

"Murilo, ba Joris hanya. Ka amsa ka ji."

Bai amsa ba. Aka sake faɗa. Zagaye guda cur ya yi bai ce uffan ba, motarsa tana yanka ruwa. Nayara ta jingina da gadon marasa lafiya. Ba ta ma san wanne take roƙa masa ba.

Da ya hawo tudun ƙarshe ya miƙe a gaban babbar rumfar 'yan kallo, sai ya koma gefe ya ɗaga ƙafa daga totur. Joris ya wuce.

Ihun ya juye ya zama wani abu dabam. Joris ya zama zakaran duniya, Murilo ya zo na biyu, kuma da ya hau dandamali mutanen garinsa suka yi masa ature da kofunan roba, suna kiransa bawan Turawa. Bayan an watse ɗaruruwa suka tare ƙofar fita suna jiran motarsa. 'Yan ƙungiya suna gareji suna rawa, shi kuwa yana wani ɗan ɗaki a baya wanda ko taga babu, an ce kada ya fito.

"Na mayar musu da takardarsu ban sa hannu ba," ya rubuta mata. "Na gama da su. Amma ban san yadda zan fita daga ɗakin nan ba."

Tana cikin karantawa wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, ya kalli komai a gida. Ya ce ta samo yaron ta kawo shi ƙaramar ƙofar masu tuta, shi ma ga shi nan tafe.

Da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya ya zo. Masu gadin wannan ƙofa duk yaransa ne a aiki, ba wanda ya tambaye shi komai. Murilo ya kwanta a baya, Nayara ta lulluɓa masa rigar ruwa, suka ratsa ta gefen taron a hankali, rana tana shirin faɗuwa. Sai da suka yi nisa tsohon ya ce ya tashi zaune.

"Me ya sa ka ba shi?"

Murilo ya ce, "Zagaye guda na yi da niyyar in ƙi, Seu Genival. Da na ƙi, da yanzu a kafaɗa aka ɗauke ni. Amma Joris ya fi ni duk shekarar nan, kuma akwai makanikan da suka yi wata tara ba su ga 'ya'yansu sosai ba saboda wannan ranar. Na ga idan zan tafi, gara in tafi ban ci amanar kowa ba. Ba don an ce ba ne. Da ma na riga na yanke cewa wannan ne na ƙarshe."

Seu Genival ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce, "Na san kowane taku na titin nan. Akwai wurare biyar da za ka iya yin kamar ka zame, kowa ya ce ruwa ne, ba mai zaginka. Kai kuwa ka zaɓi gaban rumfa, inda kowa zai gani." Ya gyara madubi ya kalle shi. "Wannan kam ba a kunne aka gaya maka ba."

Nayara ta juyar da fuska wajen taga, hawaye yana zuba.

"Yanzu me za ka yi?" tsohon ya tambaya.

Murilo ya ce akwai masu tseren cikin gida da suka daɗe suna nemansa. Ba suna, ba ɗaukaka, amma duk inda aka yi tsere ranar Litinin yana gida.

"Kana cin wake da ya kwana?"

"Ina ci."

"To mu je. Nayara, daina kukan nan, kin sa na kasa ganin hanya."

Zagin bai ƙare a rana ɗaya ba. Har Kirsimeti akwai masu tofar da yawu idan ya wuce, akwai kuma waɗanda suka fara tsayar da shi suna miƙa masa hannu. Ya kama ɗan gida a layi na biyu daga na tsohon, ya koyi shiga bas, ya yi ƙiba kaɗan, abin da ya fi komai faranta wa Nayara rai.

A watan Maris aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwa. Mahaifiyarsa ta zo daga Goiás, nas-nas suka cika layi biyu, tsofaffin masu tuta suka cika uku. Seu Genival ya ƙi karɓar sanda, ya rako 'yarsa da gwiwarsa mai ciwo, taku ɗaya bayan ɗaya, har gaban ango.

Nayara ta kama hannun Murilo. Ya ce ta riƙe shi da kyau, ba abin da ya taɓa ba shi tsoro kamar yau.

Bayan an gama, a bakin ƙofar coci, Murilo ya cire kunya ya kama hannun tsohon ya sumbata kamar yadda 'ya'ya ke yi.

"Sa mini albarka, Baba."

Seu Genival ya ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan 'yarsa. Sai ya ce:

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai, ya sa ku tsufa tare."

Mu 'yan unguwa duk muka ce amin.