Jar Mota da Tokar Yasur

A hutun makarantar da ya wuce, wata yarinya ta zo mana nan tsibirin Tanna tare da babanta. Daga Port Vila, babban birnin ƙasarmu, suka taso a jirgin ruwa. Kowa na goye da jakarsa a baya. A jakar Baba akwai tanti da 'yar tukunya. A tata kuwa akwai tufafi da bargo.

Babanta direban bas ne. Ya daɗe yana yi mata alkawarin wannan yawo. Ba otal za su sauka ba. Duk inda rana ta faɗi musu, nan za su kafa tanti.

Ita dai abu ɗaya ne ya kawo ta. So take ta hau katako, ta yi zamiya a kan toka daga gangaren dutsen Yasur mai aman wuta. Babu wanda ba ta gaya wa ba a ajinsu.

Da safe suka shiga kasuwar garin Lenakel. Igiyar jakar Baba ta tsinke, sai ya zauna a gindin bishiya yana ɗinke ta.

"Ga masu kai baƙi dutse can a bakin hanya," in ji Baba. "Je ki ji ta bakinsu. Ke za ki zaɓa mana."

"Ni, Baba?"

"Ke mana. Ba ke ce sarauniyar zamiya ba? Amma ki yi tambaya da kyau. Duk abin da kika ji, ki zo ki gaya mini."

Ta ruga da murna.

Motar farko tsohuwar a-kori-kura ce, fentinta duk ya koɗe. Wata mata tana sauke buhunan gwaza daga bayanta. Sunanta Mama Nauka.

"Ina kwana, Mama. Kuna kai mutane zamiya?"

Mama Nauka ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Shekarunki nawa?"

"Sha ɗaya. Amma na kusa sha biyu."

"Na-kusa ba shekara ba ce," in ji Mama Nauka.

Ta buɗe wani akwati ta nuna mata. A ciki akwai tabarau masu roba, da safar hannu, da riguna masu kauri.

"Kowa sai ya sa waɗannan. Yara irinki kuma daga tsakiyar gangare suke farawa. Yau ma ba na kai kowa. Iska ta juya, tokar tana zubowa ta gefen da ake zamiya. Ku dawo jibi mu gani."

Yarinyar ta turo baki.

"Daga tsakiya? Ai wannan na jarirai ne."

"To, jaririya, sai jibi," in ji Mama Nauka. Ta ci gaba da sauke gwazarta.

Gaba kaɗan akwai wata jar mota, sabuwa fil. An zana harshen wuta a jikinta. Kiɗa na tashi daga ciki. Wani saurayi mai suna Kapalu yana zaune a kan murfin injinta.

"Ƙanwata!" ya kira ta. "Daga ganin tafiyarki na san 'yar Vila ce. Zamiya kike so?"

"E. Amma daga can sama nake so."

"Daga ina kuma, in ba daga sama ba? Zan ma ɗauke ki bidiyo. 'Yan ajinku sai sun riƙe baki."

Daɗi ya kama ta. Sai ta tuna da maganar iska.

"Mama can ta ce iskar yau ba ta da kyau."

Kapalu ya tuntsire da dariya.

"Rabu da ita! Ko kaza ta yi atishawa, sai ta ce a dawo jibi."

"Kuna da tabarau da safar hannu?"

"Komai akwai, ƙanwata. Komai!"

Ba ta ce ya nuna mata ba. Ta koma wurin Baba da gudu.

"Baba, na zaɓa! Mai jar mota."

"Matar can da kika fara tsayawa wurinta fa?"

"Ta ce yau ba ta aiki."

"Ta faɗi dalili?"

Yarinyar ta kalli ƙasa. Ta san in Baba ya ji maganar iska, ba za su je ba.

"A'a," ta ce.

"Shi yana da kayan kariya?"

"Komai akwai, Baba."

"To, madalla. Ɗauko jakarki."

Suka hau bayan jar mota. Hanya ta hau tudu, ta ratsa daji, ta gangara. Can sai itatuwa suka ƙare. Suka shiga filin toka, baƙi wuluk, babu ko ciyawa. Yasur na tsaye a gabansu yana ruri. Hayaƙinsa ya kwanto ta gefensu.

Kapalu ya jefo musu katako biyu. Ɗaya ya tsage a baki. Babu mai igiyar riƙewa.

"Ina tabarau?" in ji Baba.

Kapalu ya dafa goshi.

"Kash! Yarona ya manta su a gida, maigida. Ga shi akwai wasu baƙi da zan ɗauko. Yanzun nan zan dawo da komai."

Kafin Baba ya ƙara magana, jar mota ta tada ƙura ta tafi.

Baba ya girgiza kai.

"Babu mai hawa sai kayan nan sun zo. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Suka zauna suna jira. Rana ta take tsaka, Kapalu shiru. Baba ya yi matashi da jakarsa, ya rufe fuska da hula. Ba a jima ba barci ya kwashe shi.

Yarinyar ta dubi dutsen. Ta dubi katakon. Ta ce a ranta, "Sau ɗaya kawai. Kafin ya farka na sauko."

Ta ɗauki katako ta fara hawa. Tokar na zamewa a ƙarƙashin ƙafarta. Tana haki, tana ƙara hawa. Da ta waiwaya, sai ta ga Baba ya zama ɗan mitsitsi. Ya farka, ya biyo ta, yana ɗaga hannu yana kira. Iska ta hana ta jin abin da yake faɗi.

Ta yi sauri ta zauna a kan katakon, ta ɗaga ƙafafu.

Da farko abin ya yi daɗi. Katako ya tafi sululu. Sai gudu ya ƙaru. Ta nemi abin riƙewa, babu. Iska ta watso mata toka a fuska, kamar an zuba mata barkono. Ta rufe ido, ta ƙwalla ihu.

Katakon ya daki dutse, ya rabe biyu. Ta wuntsila, ta yi ta mirginawa.

Baba ya yanko gangaren a guje don ya tare ta. Ya kuwa cafke rigarta. Amma ƙafarsa ta dama ta faɗa tsakanin duwatsu biyu da toka ta rufe. Ya faɗi, ya yi ƙara.

"Baba! Ba na gani!"

"Ina nan, 'yata. Kada ki murza idon. Riƙe ni."

Da jan gindi suka sauko ƙasa. Baba ya wanke mata ido da sauran ruwan gorarsu, amma bai isa ba. Hannayenta duk sun kuje. Idon sawun Baba ya kumbura suntum, har takalmi ya ƙi fita.

Wayar Baba ba ta kama ba a wurin. Ko ta kama ma, ba su karɓi lambar Kapalu ba.

Suka zauna a filin toka, su biyu kaɗai. Dutse ya ci gaba da ruri. Toka na sauka a kansu kamar yayyafi.

Yarinyar ta tuna da wani abu. Da wannan ƙafar Baba yake taka birki. In ta karye, da me zai tuƙa bas? Ta fashe da kuka.

"Yi kukanki," in ji Baba. "Hawaye ma wankin ido ne."

Da la'asar suka ji ƙarar mota, tana tafe tana tari. Tsohuwar a-kori-kura ce. Mama Nauka ce ke komawa ƙauyensu daga kasuwa. Ta tsaya, ta leƙo.

"Ikon Allah! Ba ke ce Na-kusa ba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sauko da jarkar ruwa. Ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta, ta yi ta zuba mata ruwa a ido.

"Ƙifta. Ƙara ƙiftawa. Yawwa. Yatsa nawa kike gani?"

"Biyu."

"To, idon yana nan."

Ta kama Baba ya hau bayan mota. Yarinyar ta zauna kusa da shi. Mota na tafiya, ita kuma maganar na cin ta. Can dai ta kasa daurewa.

"Baba."

"Na'am."

"Mama Nauka ta faɗi dalili. Ta ce iska ta juya. Ta ce yara daga tsakiya suke farawa. Ni ce na ɓoye maka."

Baba ya juyo ya dube ta.

"Me ya sa?"

"Na ga za ka ce mu jira. Kuma shi mai jar motar ya ce zai kai ni can sama."

"Kin ga tabaraun nasa da idonki?"

"A'a. Cewa kawai ya yi akwai."

Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Kin yi laifi. Kin yi mini ƙarya, kuma kin hau bayan na hana ki. Amma ni ma da nawa. Ya kamata in tashi in duba kayan da kaina, ba in zauna ɗinkin jaka ba."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na haƙura. Saura Mamanki da ke gida. Ke za ki yi mata bayani."

A ƙaramin asibitin ƙauye, nas ta duba ƙafar. Ta danna nan, ta danna can. Baba ya cije leɓe.

"Targaɗe ne, ba karaya ba," in ji nas. "Amma sai ka huta. Ba yawo, ba hawan dutse."

Ta naɗe ƙafar da bandeji. Ta ɗiga wa yarinyar magani a ido, ta wanke mata kujewar hannu.

A nan wayar Baba ta kama. Suka kira mahaifiyar yarinyar a Vila. Yarinyar ta faɗi komai, ba ta rage ba. Mama ta yi faɗa sosai. Daga ƙarshe muryarta ta yi sanyi.

"Ki kula mini da babanki. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

Mama Nauka ta ba su wuri a tsakar gidanta suka kafa tanti. Sauran yawon duk ya rushe. Ba su je kogon bakin teku da suka shirya zuwa ba. Ba su ga babbar bishiyar da Baba ya daɗe yana son gani ba. Yarinyar ta san ya ji zafin abin.

Ita ce mai ɗebo masa ruwa. Ita ce mai wanke tukunya. Ta taya Mama Nauka goge rogo da matse kwakwa, aka yi laplap, tuwon rogon da muke gasawa a ganye. Rabon Baba ita ta kai masa har bakin tanti.

Kapalu bai ɓullo ba sai washegari. Ya ce taya ce ta fashe masa. Dattawan ƙauye suka zaunar da shi, suka yi masa tas. Suka ce kada ya ƙara kai baƙo dutse sai ya sayi kayan kariya.

Bayan 'yan kwanaki kumburin ƙafar Baba ya saɓe. Ya fara takawa da sanda. Wata safiya Mama Nauka ta fito, ta daɗe tana kallon hayaƙin dutsen.

"Iska ta koma inda ta fito," ta ce. "In Baba ya yarda, yau sai mu je."

Yarinyar ta dubi Baba. Baba ya ɗaga kafaɗa.

"Ki yi tambayoyinki tukuna."

Ta juya ga Mama Nauka.

"Mama, zan iya ganin katakon?"

Aka kawo. Ta juya shi, ta shafa bakinsa, ta ja igiyar da ƙarfi.

"In ina so in tsaya fa, yaya zan yi?"

"Ki ja igiya, ki kafa dugaduganki a toka."

"In na faɗi, wa zai zo?"

"Ɗana zai hau tare da ke. Ni kuma ina ƙasa, ni da motata. Ba inda za mu."

"Motar ba za ta mutu ba?"

Mama Nauka ta riƙe ƙugu.

"Ji mini 'yar nan! Motar da ta ɗauko ku?"

Baba ya yi ta dariya har ya kusa sakin sandarsa.

A filin toka, yarinyar ta sa riga mai kauri, da tabarau, da safar hannu. Ta hau zuwa tsakiyar gangare, ɗan Mama Nauka na biye da ita. Ta zauna, ta riƙe igiya, ta tafi. Iska na kaɗa ta, idonta a buɗe. Ta ga filin gaba ɗaya. Ta ga Baba a bayan mota yana ɗaga sanda. Da ta kusa ƙasa ta kafa dugadugai, katako ya tsaya cak.

Ta tashi, baƙi ƙirin da toka, haƙora kaɗai ake gani.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Zo nan."

Ta zo. Ya kakkaɓe mata toka daga gashi.

"Ki riƙe wannan, 'yata. In za ki ba mutum amanar ranki, kada ki zaɓi wanda ya gaya miki abin da kike son ji. Ki zaɓi wanda ya gaya miki gaskiya, ko da ba ta yi miki daɗi ba. Ki yi tambaya, ki gani da idonki. Abin da kika ji kuma, kada ki ɓoye wa iyayenki."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

"Na yarda."

Ta ɗauki katakon ta rungume.

"In ƙara ɗaya?"

Baba ya dubi Mama Nauka. Mama Nauka ta dubi hayaƙi.

"Je ki," ta ce. "Amma ki yi sauri, abincina yana kan wuta."