Hoton Da Aka Yanke Wa Kai

Mama na zaune a falo tana ninke kayan wanki sai ga ɗanta Injiniya ya shigo da fara'arsa. Ko gaisuwarsa ba ta amsa ba, ta cilla masa wayarta a cinya.

"Duba! Wannan ce matar da za ka kawo mini gida?"

Fostar sabon fim ce. An yanke kan mace, an bar wuya zuwa ƙugu, riga ta ɗame ta kamar za ta yage. A ƙasa an rubuta "Zo ka kashe ƙwarƙwatar ido!" tare da sunan Auta, 'yar fim ɗin da zai aura.

"Mama, wallahi Auta ba ta sa irin wannan rigar..."

"Rufe mini baki! An fasa auren!"

Da labari ya kai wa Auta, ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Ai a matsayin likita ta fito a fim ɗin, cikin farar riga mai yalwa. Kuma ta san mai wannan aika-aika: yayan Injiniya ne, mai tallata finafinan kamfanin da ya shirya fim ɗin. Ta same shi a ofis, ta ce, "Yaya, ina kaina? Da shi na haddace aikin nan. Ka sauke fostar."

Ya tuntsire da dariya. "Haba ƙanwata, bizines ne fa! Wa zai sayi tikiti don ya ga likita? Jiki ke sayar da fim."

"To ni ba haja ba ce. Ba zan taka wurin ƙaddamar da fim ɗin ba sai fuskata ta dawo."

Da Injiniya ya ji yayansa ne, ya zabura zai kai ƙara gun Mama. Auta ta tare shi. "Ba a kaina za ku raba zumunci ba. Ka bari, gaskiya ba ta ɓuya." Ya haƙura, amma ya rantse ba shi da mata sai ita. Makonni suka shuɗe Mama ba ta ko kallonsa.

Wata rana Mama ta tafi ofishin Yaya don ya taya ta raba ƙaninsa da yarinyar. Ta tura ƙofa ba sallama. Ga shi tsaye a kan mai kwamfuta, hotuna biyu a allo: Auta da fuskarta da farar rigarta, gefe kuma wanda aka yanke.

"Ƙara matse ƙugun," in ji Yaya, "na farkon bai..." Ya waiwaya, sai ga Mama.

"Ashe ɓarawon a cikin gidana yake!" Mama ta faɗa. "'Yar mutane ka yanka kamar nama a kan tebur? Da ƙanwarka ce fa? Ka sauke su duka, in dai ni na haife ka!"

Daga nan gidan su Auta ta nufa. Ta rungume ta tana hawaye. "Ki yafe mini, 'yata. Kin sani, kika yi shiru?"

"Ɗanki ne, Mama. Na fi son ki gani da idonki."

Aka sauke fostocin, aka buga sababbi da fuskar Auta, Yaya ya zo da ƙafarsa ya ba ta haƙuri. Ba a jima ba aka ɗaura aure.

Mace ba hajar talla ba ce, mutum ce mai kai da daraja. Wanda ya riƙe mutuncinsa ya yi haƙuri, gaskiya ce za ta wanke shi.